Muhawara: Shin yawan antibodi a jini shi ne tabbacin kariya?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ra'ayina shi ne, idan aka auna jinin mutum aka tarar antibodinsa, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa don yaƙar ƙwayar cuta, ya kai ma'aunin da aka sani, to ya samu kariya. Hujjata ita ce binciken masanin kimiyya Goldschneider na 1969 a kan kuratan sojojin Amurka, inda aka ga cewa masu jinin da ke iya kashe ƙwayar sanƙarau, ko da an tsarma shi ninki 4, da wuya su kamu. Da irin wannan awo aka amince da rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, wanda aka fara bayarwa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010.

Likitar yara: Malam, hujjarka tana da ƙarfi, amma ka lura cewa abin da aka auna shi ne ikon kashe ƙwayar, ba yawan antibodi kawai ba. Sannan kariyar tana bin rukunin ƙwaya ne. MenAfriVac na rukunin A ne, shi ya sa bai hana annobar rukunin C da ta addabi Zamfara da Sakkwato a 2017 ba, abin da har yau yake sosa mini rai.

Ɗalibi: Likita, ina neman ƙarin haske. Idan antibodi kariya ne, me ya sa ake ce wa mutum yana da taifot da zarar gwajin Widal, wanda antibodi yake aunawa a jini, ya hau?

Likitar yara: Ƙanena, antibodi yana iya zama sawun ƙwayar da ta taɓa ratsa jiki kawai. Hawan Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwo, kuma ba ya tabbatar da kariya. Tarin fuka ma ba a dogara da awon antibodi wajen sanin wanda yake da kariya daga gare shi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Na karɓi gyara a kan taifot da tarin fuka, amma a kan sanƙarau ina nan kan bakana. Birtaniya ta fara yi wa jarirai rigakafin rukunin C a 1999, sai aka ga kariyarsu ta ragu bayan shekara guda sa'ad da antibodin ya sauka, duk da cewa jikin bai manta ƙwayar ba. Sanƙarau yana iya kashewa cikin yini guda, alhali jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya ƙera sabon antibodi, don haka a 2006 suka ƙara allura ga 'yan shekara ɗaya.