Wace kalmar Hausa ce za ta ɗauki ma'anar "momentum"?

'Yan'uwana malaman fiziks na makarantun Kaduna, ina so mu tsayar da suna guda da za mu riƙa kiran momentum da shi, domin abin da na fi ji a bakinmu shi ne "ƙarfin gudu", kuma a ganina wannan suna yana rikita ɗalibai. Mun riga mun ba da kalmar ƙarfi ga abin da ke tura abu ko ya ja shi, alhali momentum abu ne da mai tafiya yake ɗauke da shi ko da babu mai tura shi.

Ana samunsa ne idan aka ninka nauyin abu da saurinsa. Tirela mai tan 30, wato kilo 30,000, da ta gangaro daga gadar Kawo tana cin mita 10 a sakan ɗaya tana ɗauke da momentum 300,000, shi kuwa babur da mahayinsa, masu kilo 200, suna ɗauke da 2,000 kacal a wannan saurin. Gudunsu ɗaya ne, amma momentum ɗin tirelar ya ninka na babur ɗin sau 150, kuma kowane direba ya san wanda birki zai fi shan wahalar tsayarwa. Dalilin ke nan da jirgin ƙasan Abuja yake fara rage gudu tun kafin ya iso tashar Rigasa.

A 1687 masanin fiziks Isaac Newton ya kira momentum da Latin da abin da ke nufin "adadin motsi". Fassarar daidai ce, sai dai a kunnen Bahaushe motsi ya fi kama da na mai barci da ya juya. "Karsashi" kuwa na zuciya ne.

Shawarata ita ce mu ce "nauyin gudu", tunda sunan ya haɗa abubuwa biyun da ake ninkawa, yaro zai tuna lissafin daga jin sa. Na san yana da giɓi, domin gudu ba ya faɗin inda aka dosa, alhali a nan alkibla tana cikin ma'ana: motoci biyu masu nauyi ɗaya da sauri ɗaya, ɗaya ta nufi Zariya ɗaya ta taho daga can, jimillar nauyin gudunsu sifili ce, shi ya sa idan suka yi taho-mu-gama suka manne sai su tsaya cak. Wannan giɓin malami ne zai cike shi da bayani a gaban allo. Wanda yake da sunan da ya haɗa har da alkibla, don Allah ya kawo mana mu gwada shi a aji.