Tiyon numfashin inji da salansa: ina neman shawara

Assalamu alaikum, masana tsofaffin motocin dizal. Marsandi 240D gare ni, ƙirar 1982. Tiyon da ya taso daga murfin saman inji zuwa gidan matatar iska ya tsage, na sa sabo na ɗaure da kilif, amma har yanzu baƙin mai na taruwa a gidan matatar. In na sassauta murfin zuba mai inji na aiki, sai murfin ya riƙa rawa, hayaƙi na fita. Ringin fistin ne suka cinye, ko wata hanya ce ta toshe?

Ga salansa kuma, tsatsa ta huda tukunyar baya. Mai walda ya ce a zura miƙaƙƙen bututu kawai. Ni dai ƙarar nake gudu, kuma injin ba shi da turbo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji). Akwai ribar da zan samu, ko in nemi tukunya irin ta asali?