Wiwi da Sitiyari: Shawarwarin da Aka Bayar a Tasha

A hirar da aka yi kan wiwi da tuƙi a rumfar mai shayi, maganar wani tsohon direban tirela ce ta fi kama ni. Ya ce mai shan wiwi yana jin kansa garau, har ya ɗauka ya fi kowa natsuwa, alhali ƙafarsa ta yi nauyin kai wa birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Jinkirin daƙiƙa guda ya isa a take yaron da ya tsallako titi da farantin talla.

Wani ma'aikacin jinya ya ƙara da cewa THC, sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, yana rikita auna tazara, mota ta riƙa fita daga layinta. Wanda ya zuƙa ya haƙura da sitiyari aƙalla awa shida, wanda ya ci ta a abinci kuwa fiye da haka. Haɗa ta da giya ya fi muni.

Shayi mai kauri da wanke fuska ba sa kore ta. Fasinjoji kuma, in kun ji warinta a jikin direba, ku sauka ku sanar da shugabannin tasha.