Neman shawara: za mu koma zama cikin mota mai ɗaki, ga yara ƙanana

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maigida muna shirin sakin gidan haya mu koma cikin irin motar nan mai gado da kicin da bayi, mu yi shekara guda ko fiye muna yawo da ita. Aikinsa ta intanet yake, ko'ina zai iya yi. Yaranmu biyu, mai shekara 5 da mai shekara 2. Mun ga wata ta hannu, mai ita ya ce tana kwanar da mutum shida. Abin da ya fi damuna ƙarancin wuri: ina kayan wasa za su zauna, ina zan shanya wanki? Waɗanda suka san harkar ku taimaka.

Tsohon Makanike:
Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ajiye zancen wanki tukuna, ki koma ki ƙirga kujeru masu bel. Wurin kwana daban, wurin zama lokacin tafiya daban. Tsofaffin motocin nan da yawa gadajensu shida ne, amma bel biyu kawai a gaba, na baya benci ne mai kallon gefe. Kujerar tsaro ta yaro, wadda ake ɗaure ƙaramin yaro a ciki lokacin tafiya, ba ta ɗauruwa a irin wannan benci. Tana buƙatar kujera mai kallon gaba da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, ko ƙugiyar ISOFIX, wato ƙarfen da ke jikin kujerar mota don maƙala kujerar yaro. In babu, ki haƙura da motar komai kyanta. Kuma kar a bar yaro a gado mota na tafiya, ko da barcinsa ya yi nisa.

Sai nauyi. A Turai lasisin tuƙi na yau da kullum iyakarsa motar da nauyinta da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba, kuma motar kanta ta cinye mafi yawansa tun ba a saka mata cokali ba. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Ga tukwanen gas, ga kekuna, ga ku huɗu. Ku loda mata kaya ku kai ta sikeli, kar ku yi ƙiyasi da ido.

Uwar 'Yan Uku:
Mun yi wannan zama. Kayan wasa ba matsala ba ne, akwati ɗaya ya isa, waje ne filin wasansu. Ranar ruwan sama ce fitina: kowa a kulle, numfashi da tururin girki suna jiƙa tagogi, kafin ki ankara ƙasan katifa ya fara funfuna. Ki riƙa ɗaga katifa tana shan iska, kuma kar ki toshe kafofin iska wai don sanyi. Da gas ake girki da ɗumama ɗaki, saboda haka na'urar da ke ƙara in iskar kabon monoksaid ta taru dole ce. Iskar ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi. Gadon da ke saman direba kuwa, a sa masa raga, ƙaramin ma kar ya hau. Wanki ki kai wurin injin wanki na haya.

Malamar Firamare:
Babbar ta kusa shekarun makaranta, ki binciki dokar inda kuke da rajista. A Ingila an yarda a koyar da yaro a gida, a Jamus ba a yarda ba. Ni dai ban goyi bayan tashi kullum ba. Yaro mai shekara 5 yana son aboki da zai sake gani gobe. Ku riƙa yin makonni a wuri guda, kuma katin rigakafinsu ya zama yana hannunki.

Baban Yara:
Kar ku saki gida yanzu. Ku yi hayar irin motar a lokacin da yanayi ya fi muni, ku gani in maigida zai iya aiki ƙaramin na kuka a bayansa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Na kira mai motar, ashe bel biyu ne, kamar yadda Baba makanike ya faɗa. Mun fasa, za mu nemi wata. Zancen haya ma maigida ya amince. Saura bayi, ƙaramin yanzu yake koyon zaman fo.

Uwar 'Yan Uku:
Tankin bayin bai fi lita 20 ba, ku huɗu za ku cika shi a kwana biyu zuwa uku, kuma sai a wurin da aka tanada ake zubarwa. Ki tafi da fo ɗinsa, ki sa sakata a ƙofar bayin, don in ya gano madannin ruwa har wanda za ku yi wanka da shi sai ya ƙarar.