Wa ke da alhakin tafiyar da ɗakin karatun garinmu?

Malamar Firamare: Assalamu alaikum. Ɗakin karatun garinmu ya daɗe bai samu sababbin littattafai ba, kuma ana rufe shi daidai lokacin da ɗalibai ke tasowa daga makaranta. Shin ƙaramar hukuma za mu kai wa kokenmu, ko gwamnatin jiha?

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara bincika ko reshe ne na hukumar ɗakunan karatu ta jiha, domin a yawancin jihohin Najeriya ita ce ke tura ma'aikata da sayen littattafai daga kasafin da gwamnati ta ware mata. Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda dokar 1964 ta kafa, ba shi da hurumi a nan.

Ɗan Kwamiti: A ganina, kada ku je hannu rabbana. Ku nemi rajistar masu shiga da ta aron littattafai, ku haɗa da jerin littattafan da gara ta ci ko yoyon rufi ya lalata, domin hukuma ta fi sauraron koken da ke tafe da hujja.

Malamar Firamare: Na gode ƙwarai. Batun lokacin rufewa fa?

Tsohon Ma'aikaci: Wannan sai an raba ma'aikata aikin safe da na yamma, kuma shugaban reshen ne zai rubuta buƙatar.