Wa ya kafa birnin Shikago?

Aminu: Jama'a, ku riƙe wannan: birnin Shikago na Amurka baƙar fata ne ya kafa shi. Sunansa Jean Baptiste Point du Sable. Zuwa 1790 yana zaune a bakin kogin Shikago, ga gida, ga rumbu, ga dabbobi, yana cinikin fatu. A cikin baƙi shi ake ɗauka na farko da ya kafa gida na dindindin a wurin.

Malam Sabo: Aminu, bi a hankali. Gida ɗaya ba gari ba ne. Mutumin nan ya sayar da komai a 1800, ya yi gaba, a Missouri ma ya rasu a 1818. Shikago kuwa ba ta zama birni ba sai 1837, da mutane wajen 4,000. In ginin gari ake nufi, ni William Ogden na sani, magajin garinta na farko, wanda ya tsaya kai da fata har jirgin ƙasa ya fara tashi daga can a 1848. Mu a da John Kinzie muka ji ana kira uban garin.

Aminu: Allah ya gafarta Malam, Kinzie ai gidan du Sable ya saya ya shiga a 1804! Matar ɗansa, Juliette, ita ta rubuta littafi a 1856 ta ɗaukaka surukinta, aka bi ta a haka shekara da shekaru. Kuma shi Kinzien ne ya kashe Jean La Lime a 1812, wanda ya fara sayen gidan.

Hajiya Binta: Ku duka kun tsallake masu ƙasa. Da du Sable ya zo, daji ya tarar? Ƙabilar Potawatomi, 'yan asalin ƙasar, na nan. Matarsa Kitihawa 'yarsu ce, kuma ni a ganina ba don danginta ba da cinikinsa bai zauna ba. Sunan garin ma daga harshen mutanen ƙasar ya fito, wata albasar daji ce. A 1833 aka sa Potawatomi suka sa hannu a yarjejeniya, aka kora su yamma. Kamar a ce Bagauda ne ya kafa Kano a manta da mutanen Dala.

Ɗanliti: Ni dai albasar ce ta tsaya mini a rai. Duk dogayen benayen nan?

Aminu: Hajiya, wannan na karɓa. Amma gwamnatin jihar Illinois da ta birnin sun amince du Sable ne ya kafa garin tun 1968, a 2021 kuma aka sa sunansa a babban titin birnin na bakin tafkin Michigan.

Malam Sabo: Sunan titi aikin 'yan siyasa ne, yaro. Kinzie dai na janye shi. Ogden kam yana nan.