Kariyata ta zubar da ganye kaf, ƙishi ne ko ruɓewa?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Ina da kariya a tukunya a baranda, irin mai kumburarren gindin nan kamar tulu, furenta ja-ja da fari a tsakiya. Tun da sanyi ya shigo ganyenta ya fara rawaya, yanzu ko ɗaya bai rage ba. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba ta ruwa safe da yamma, surukata kuma ta ce in rabu da ita. Alobera da moda da ɗan kaktus da ke gefenta lafiyarsu ƙalau. Ina son tsiran nan har raina, burina in cika barandar da irinsu. Ta yaya zan gane ko ƙishi take ji ko ruɓewa ta fara? Kuma wace irin ƙasa ta fi dacewa da su?

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, bi maganar surukarki. Kafin komai, sa babban yatsa ki danna gindin. In kin ji shi da tauri, hutu take yi. Kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, tsiron Sahel ce da gabashin Afirka da yankin Larabawa, kuma ɗabi'arta ce ta kaɗe ganye in rani ya yi. Sau da yawa ma a kan tsirarun rassan nan take fitar da fure. Ta ganye ruwa ke fita daga jikin tsiro, to tun da babu ganyen, ruwan safe da yamma zai kwanta ne a tukunya har saiwa ta ruɓe.

Mai jin ƙishi gindinta yakan ɗan yamutse, amma fatar a bushe, launin bai canja ba, in aka ba ta ruwa cikin kwanaki kaɗan ta cika. Mai ruɓewa kuwa yatsa lumewa yake yi, wurin ya yi duhu, wani lokaci har da wari. In haka kika tarar, tumɓuke ta, ki sa wuƙa mai tsabta ki yanke ruɓaɓɓen har sai kin kai ga farin nama, ki ajiye ta a inuwa kamar mako guda yankan ya bushe, sannan ki mayar cikin busasshiyar ƙasa.

Batun ƙasa, ni rabi nake sa yashi mai kaushi da ƙananan tsakuwa, rabi ƙasar lambu. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba don tana tsotse danshi, kuma dole a huda ƙasanta. In za ki ba da ruwa ki ba da sosai har ya zubo ta hudar, sai ki soka tsinke lokaci lokaci. Muddin ya fito da laima, kada ki ƙara.

Abin da ya sa ban gajiya da su shi ne dabarar da Allah ya ba su. Alobera da moda da kaktus da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu, su ɗebi iska su adana ta a matsayin wani ruwa mai tsami, da rana su rufe su yi abinci da ita. Shi ya sa ba sa asarar ruwa da yawa, shi ya sa kuma ba sa saurin girma. Saguwaro, wani dogon kaktus na hamadar Sonora da ke Amurka da Meksiko, yakan haura shekara 50 kafin ya fitar da reshen farko.

Maman 'Yan Biyu:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Na danna, da tauri sosai, har na ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle ja a bakin rassa biyu.

Malamar Zane:
Fure ne ke tafe, Yaya! Ni kan cika barandar zan yi magana: kada ki cunkushe. Na taɓa shiga lambun Majorelle a Marrakesh ta Moroko, wanda mai zane ɗan Faransa Jacques Majorelle ya fara a shekarun 1920, mai tsara tufafi Yves Saint Laurent da abokinsa Pierre Bergé suka saya a 1980. Abin da ya tsaya mini a rai ba yawan kaktus ɗin ba ne, tazarar da ke tsakaninsu ce. Kowanne na tsaye shi kaɗai a kan shararriyar ƙasa, bayansa bango shuɗi shar, sai siffarsa ta fito sarai. Tsiran nan siffa ce kyawunsu. Dogo guda, mai faɗi guda, gajeru a gaba, a rufe saman tukunya da tsakuwa masu launi ɗaya. In rana za ta iya haskawa ta bayansu da la'asar, ƙayoyin nan har ƙyalli suke yi.

Anti Nas:
Tun da akwai yara a gidan, ki ɗaga kariyar inda hannu ba ya kaiwa. Ruwan jikinta dafi ne, maharba sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Haka tinya da ƙerana, waɗanda ake ɗauka kaktus ne alhali dangin Euphorbia ne. In an karce su farin ruwa ke fita, yana ƙona fata, in ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Sannan kaktus mai faffaɗan kunnuwan nan, kada a yar da ɓallensa a bayan gida, duk inda ya faɗi sai ya kama. A Ostareliya ya taɓa cinye kusan hekta miliyan 24, sai da aka saki wani ƙwaro daga Ajantina a 1926 aka shawo kansa.

Ɗan Autan Zaure:
Baba, ni an koya mini a jera manyan tsakuwa a ƙasan tukunya kafin a zuba ƙasa. Ba ka ambata ba.

Baba Mai Lambu:
Da gangan na bar shi, ɗana. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, don haka jiƙaƙƙen wurin matsowa yake yi sama, kusa da saiwa. Gauraya tsakuwan cikin ƙasar gaba ɗaya, ka ɗora ɓallen kasko guda a kan hudar don kada ƙasa ta zube.

Ke kuma 'yata, ba sai kin nemo sabbi ba tukuna. Duba gindin aloberarki, in ta fitar da 'ya'ya masu ganye huɗu ko biyar, cire su da saiwarsu, ki bari su sha iska kwana biyu ki dasa. Moda kuma raba ta ake yi daga tushe. Ki riƙa leƙa tsakanin ganye, akwai wani farin ƙwaro mai ɗan gashi da ke ɓuya a lungu yana tsotsar ruwansu. Auduga da ɗan sifirit kan cire shi, amma a sake dubawa bayan mako guda don ƙwansa na ƙyanƙyashewa.